Minsharin Mazan Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, mai shagon buga takardu. Ina rubuta wannan da hankalina a jikina, ba wanda ya matsa mini, ba kuma magani ne ya juya mini kai ba. Hannuna na hagu ya shanye tun faɗuwar da na yi a shago, bakina ya ɗan karkace, amma na dama yana riƙe biro. Takardar da na rubuta jiya na yayyaga ta, don fushi ya yi mata yawa. Ban tabbata wannan ta fi ta ba.

Zuwa gare ku, Babba, Gimbiya da Auta. A karanta a gaban mamanku da Baffanku.

Likita bai ɓoye mini komai ba. Hawan jini ya daɗe yana cin ƙodata da zuciyata, abin da ya kayar da ni kuma zai iya dawowa ba sallama. Ban kai hamsin ba. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba ni da ta cewa a ciki. Abin da ke ƙasa roƙo ne na uba.

Na ɗaya. Kada a wargaza shago don kowa ya riƙe guntu. Mamanku ta kula da shi, Auta ya riƙa zuwa bayan makaranta. Injin kwafi yana cinye takarda idan ta ji danshi, a ajiye ta a kan kanta ta sama, kada a bar ta a ƙasa. A jikin injin nan na fara barci a tsaye. Wata mata ta kawo takardun makarantar ɗanta, na danna, na jingina, ban sake sanin inda nake ba sai da na ji tana cewa, “Malam, in aika a kawo maka filo ne?” Mai sayar da kati na gefenmu ya yi dariya har da riƙe ciki. Shekaru ya yi yana ba mutane wannan labari.

Na biyu, shi ne dalilin wannan takarda. Kun taso kun tarar ana alfahari da minshari a danginmu. Kakanku in ya kwanta, ƙofar ɗaki har rawa take. Kakarku takan ce ɓarawo ba zai taɓa shiga gidan ba, don tun daga titi ya san maigida yana ciki. A wurinta minshari alamar namiji ne wanda ya ci ya ƙoshi. Kakanku ya kwanta lafiya wata rana bai tashi ba, gemunsa ko furfura bai gama yi ba. Wansa ma haka ya tafi. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa mun ji daɗi, mazan gidanmu a barci suke tafiya, ba jinya ba wahala. Baffanku har yau yana faɗin haka yana buga ƙirji, kamar wata lambar yabo aka ba mu.

Ni kuma kuka sa mini suna Janareta. Ban hana ba. Kuna ƙanana, in na kishingiɗa a falo bayan cin abinci, kukan zauna kuna jira. In na yi tsit, sai ɗayanku ya ce, “An ɗauke wuta!” In na zabura ina jan iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya, sai ku tafa. Ba na ganin laifinku, yara ne ku, abin da manya suka koya muku kuka yi. Amma ina so ku san abin da kuke tafa wa.

Na yi shekaru ina karɓar maganin hawan jini. In an auna aka ga bai sauka ba, sai a ƙara ƙwaya, a ce in rage gishiri. Na rage har abinci ya zama kamar ana tauna kwali. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake kwana, ni ma ban ga abin faɗa ba, tunda ina shiga gado da wuri. Ciwon kan da nake tashi da shi da bushewar baki, na ɗora su a kan ƙurar tawada. Sai bayan na faɗi wata likita ta dubi kaurin wuyana, ta juya wajen mamanku ta ce, “Hajiya, yaya barcinsa?” Mamanku ta yi dariya ta ce, “Likita, wannan ai maƙwabta ma za su ba ki labari.” Likitar ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko nakan yi shiru a tsakiyar minshari. Mamanku ta ce ƙwarai, a lokacin ne ma take samu ta runtsa.

Ga yadda ta yi mana bayani, in ban kuskure ba. Shirun nan maƙogwaro ne yake rufewa, numfashi ya tsaya. Jiki sai ya firgita, zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau, mutum ya ja iska, ya koma, abin ya sake faruwa, haka har gari ya waye. Jinin da ya kamata ya sauka a barci bai samu sauka ba. Mutum yana kwance, amma jikinsa kokawa ya kwana yi. Ban ce na fahimci duka ba, karatuna a sakandare ya tsaya. Ban kuma da hujjar cewa wannan ne ya kashe kakanku, don ba wanda ya duba shi. Amma na ga fuskar mamanku a ranar. Tun daga lokacin ba ta sake barci mai nauyi ba, kuma kada wanda ya kuskura ya ɗora mata laifi.

Na uku. Na'urar awon jini ta Gimbiya ce, ita ta iya ɗaura ta. Ta riƙa auna kowa a gida, har wanda ya ɓata rai. Na'urar numfashi da nake sawa a hanci kuwa, wadda Baffanku yake kira takunkumi, a wanke ta a ajiye. Ta zo mini a makare, amma ita ta nuna mini yadda mutane suke ji da safe. Kada wani ya ɗaura ta da ka, sai likita ya daidaita masa.

Na huɗu. Baffa, kai ƙanena ne, zan faɗa maka a gaban yara. Bidiyon da ka ɗauke ni ina barci baki buɗe, wanda kake kunnawa a duk taron dangi kana kwaikwayona, ka goge shi. Na zauna na kalle shi bayan na dawo daga asibiti. Mutum ne ake shaƙewa, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, iska ba ta shiga, ga muryarka a baya kana cewa, “Ku saurara, zai canja giya.” Ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar wannan ba. Ka goge, sannan ka tambayi matarka yadda kai kake kwana.

Na biyar. Tsanin maƙwabcinmu mai walda yana bayan ɗakin girki, a mayar masa. Littattafan da nake rubutu a ciki kullum, ba komai a cikinsu sai ƙorafi da yanayin gari, mamanku ta yi yadda ta so da su.

Na shida. Babba da Gimbiya. Ga abin da ya faru kamar yadda na sani, don kada a sake juya shi. Babba yana tuƙa motar raba kaya. Ya rage wa Gimbiya hanya wata rana da hantsi, ta ga kansa ya sunkuya a kan sitiyari, mota ta nufi inda mutane suke jiran bas. Ta ƙwala ihu ya farka. Ya ce mata gajiya ce. Ta roƙe shi ya je asibiti, ya ce ita ba uwarsa ba ce. Sai ta je ta faɗa wa ogansa, aka sauke shi daga tuƙi aka mayar da shi lodi. Tun ranar bai amsa gaisuwarta ba, abincin da ta dafa ma ba ya ci. Baffa ya ce ta cire wa yayanta lomar baki.

Na daɗe ina juya maganar. Wataƙila da ta fara zuwa wurina. Wataƙila da ni ma na ce gajiya ce. Hukuncina dai shi ne, Gimbiya ta yi daidai, kuma ita kaɗai ce a dangin nan ta ga abin tsoro ta ji tsoro.

Babba, wuyana ne da kai, ciwon kan safe ma ka fara, na ga kana haɗiyar ƙwaya kafin shayi. Na kuma ji abokanka sun fara kiranka Ƙaramin Janareta kana murmushi. Ban yafe maka ka sake riƙe sitiyari ba sai an duba barcinka an auna jininka. Ka je asibitin da aka kwantar da ni, ka ce a yi maka irin gwajin da aka yi mini. In ina raye, ka kawo mini sakamakon. In na tafi, ka kai wa ƙanwarka, ka miƙa mata da hannunka, ka zauna ka ci abincinta.

Ina wannan rubutu ne da rana, ka dawo daga lodi ka kwanta a falo, ina jin ka ta bango. Ɗazu ka yi tsit. Na ajiye biro na yunƙura, ƙafata ta ƙi. Na kira, bakina bai fitar da abin da za a ji ba. Haka na zauna har ka ja iska. Babu jinyar da aka yi mini da ta kai wannan zafi.

Na bakwai. Ko ta yaya na tafi, kada a bar kowa ya ce na samu tafiya mai sauƙi. Ku ce Allah ya jiƙansa, ku tsaya nan.

Na yafe muku, ku ma ku yafe mini. Ku ji tausayin mamanku, ku bar ta ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku lafiya, ya nuna muku furfurarku. Ku zauna kusa da juna, kada fushi ya sa wani ya rufe ƙofarsa ga wani. Auta, ɗakinku ɗaya da yayanka. Kafin ya je asibiti, in ka ji ya yi shiru, ka girgiza shi, ko zai zage ka.

Mahaifinku.