Tikiti Biyu Daga Malaga

Barcelona, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na rubuto ne tunda a waya sai ka yi ta cewa "Na'am?" Likita ta ce ran ashirin da biyar za a yi mini aiki a ciro jaririn. Jordi ya samo maka jirgin sama, awa ɗaya da rabi ka iso. Me zai kai ka zaman awa shida a jirgin ƙasa, komai gudunsa? Tsoro nake ji, Baba. Da Mama na raye da ban matsa maka ba.

'Yarka, Nieves

Malaga, 8 ga Afrilu

Nieves tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida na cikin. Ki ce wa mijinki ya sake tunani. In yi sammakon zuwa filin jirgi, in bi layi, a sa ni cire bel kamar ɓarawo, sannan a ƙwace man zaitun ɗin da na ɗura miki? Jirgin ƙasa a tsakiyar gari zai ɗauke ni, in miƙe ƙafata. Ran ashirin da uku ina tafe.

Babanki, Evaristo

Barcelona, 12 ga Afrilu

Baba,

Barka da gida. Kai da ka je har Ajantina a sama kana minshari? Gwaggo Pura ta ce a gabanta ka sayi tikiti biyu a tasha. Na wa ne ɗayan?

Nieves

Malaga, 16 ga Afrilu

'Yata,

Ina gaisuwa. Sunanta Asuncion, mai sayar da furanni a bakin maƙabarta. A wurinta nake sayen na mahaifiyarki duk Lahadi. Mijinta ma yana can ciki. Da na nuna mata takardar jirgin saman da Jordi ya samo sai ta ce, "Evaristo, ni fa shekara saba'in ƙafata ba ta taɓa barin ƙasa ba." Sau huɗu ina fara rubuta miki ina yagawa. In ranki bai so ba, tana da ƙanwa a Cordoba, sai ta sauka can, ni in wuce. Ba za ta ji haushi ba.

Allah ya sauke ki lafiya.
Babanki

Barcelona, 20 ga Afrilu

Baba,

Na yi kukana na gama. Kada ta sauka a Cordoba. Jordi zai tarye ku a tasha. Ka tambaye ta ko ta iya yi wa jariri wanka, don ni ban iya ba.

Sai kun zo.
Nieves