Jan Bironka Ya Ƙare

Farfesa, ranka ya daɗe,

Ka ga baki da sabo, ina roƙa wa wanda ke kabari tsawon rai. Na san ba za ka karanta wannan ba, ko da yake kai ba ka karanta takarda sai don neman kuskure.

Ina sanar da kai cikin alhini cewa jan bironka ya ƙare jiya bayan la'asar. Matarka, Ya Falmata, ita ta aiko min da shi bayan sadakar arba'in, wai ka ce a ba Bukar. Ko a bakin kabari sai ka tsokane ni?

Da shi ka rubuta SAKE a kan zanena na ƙafafun tankin ruwan Mafoni, shekara goma sha biyu ke nan. A zaman Asabar, ƙarƙashin bishiyar mainar gidanka a Wulari, gaban yaran aji biyu! Ni da gemuna da 'ya'ya uku. Wai rodin ya yi siriri. Don ka gina gadojin jirgin ƙasa kafin ka shiga jami'a, shi ke nan kowa ɗan koyo ne har ya mutu? Na naɗe takardata, wani ya buga min hatimi, na daina taka ƙofarka. Kai kuma ba ka aiko ba. In ɗalibi ya yi kwana biyu bai zo ba, sai ka bi shi har ɗakin kwanansa da ƙosai a leda. Ni shekara goma sha biyu, ko gaisuwa. Ka kwanta ciwo ka hana a gaya min. Wannan ba haƙuri ba ne, Farfesa, taurin kai ne, kuma a wurinka na koya.

Yaranka har yanzu suna taruwa ran Asabar, suna kallon kujerarka. Sau uku suna zuwa ofishina da zanensu, wai ka ce ni zan duba musu. Sau uku ina korarsu.

Ran Talata ƙafar tankin ta gabas ta tsage. Mata na layi da jarkoki a ƙasansa. Allah ya tsare, muka zubar da ruwan kafin ta karye.

Na ɗauko zanen na sake lissafi. Na ɗauki bironka zan rubuta kalmar da kaina, tawadar ta tsaya a harafi na uku.

Rodin ya yi siriri. Ni na yi kuskure. Ran Asabar zan je gindin mainar, amma a bencin ɗalibai zan zauna.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Ɗalibinka da bai gama sakewa ba,
Bukar