Shari'ar Maigadin Sito

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da yara da Baba. Ya idon nasa? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin yi ta mita wai na daina rubutowa. Kin san kundin digirina na biyu a kan takardun amsa laifi ne, irin waɗanda ɗan sanda ke rubutawa, wanda ake zargi ya dangwala yatsa bai san abin da ke ciki ba. Malamin da ke duba aikina ya tura ni ma'ajiyar kotu in nemo misali saboda babi na huɗu. Ɗaki ne a ƙarƙashin bene, fanka ɗaya, ita ma sai ta ga dama take juyawa. Kwana shida ina kwance igiyoyin fayil.

A rana ta bakwai na samu. Maigadin wani sito ne, aka ce shi ya buɗe wa ɓarayi ƙofa. Ya faɗa wa kotu bai iya karatu ba, ba a karanta masa takardar ba, hannunsa aka kama aka dangwala. Doka ta ce a irin wannan sai alƙali ya tsaya ya bincika. Wannan bai tsaya ba. Kalma biyu ya rubuta: an karɓa. Shekara tara mutumin ya yi a kurkuku kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi.

Yaya, rubutun Baba ne. Tun kafin in duba sunan na gane, hannun da ya yi ta cike mana takardun makaranta ne.

Ban yi kuka ba. Na ɗauki hoton shafukan, na ɗaure igiyar, na gode wa ma'aikaciyar, har na tsaya na sayi sabulu a hanya. Malamin ya ce bai taɓa ganin misali mai kyan wannan ba. Bai haɗa sunan da nawa ba, ni ma ban ce komai ba. Ina ci, ina barci, ina zuwa aji, amma ba na jin komai.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki, Auta

*

Auta,

Muna lafiya, sai dai wasiƙarki ta hana ni sakat.

Ke dai tun kina ƙarama ba kya barin abu a rufe. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Ɗaki cike da fayil, a rasa wanda za ki ɗauko sai na ubanki? Ki mayar da shi inda kika same shi. Alƙalai nawa ne a duniya? Ki nemi kuskuren uban wata.

Kin san tunda aka yi masa aikin ido ni nake karanta masa babukanki. Ni da ban san komai a shari'a ba, kullum bayan la'asar ina zaune ina tuntuɓe da kalmomi, shi kuma yana gyara ni. Duk wanda ya shigo gidan nan, har mai gyaran famfo, sai ya ji cewa Uwata, kamar yadda yake kiran ki, tana digiri na biyu. Shekara talatin ya yi a kujera ba wanda ya taɓa cewa ya karɓi ko kwalbar ruwa. Wannan sunan kaɗai ya rage masa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Jiya ma ya tambaya, wai ina babi na huɗu? Na ce kina mura. Murar ba za ta wuce sati biyu ba, sai ki san abin yi.

Allah ya shirye ki.

Yayarki

*

Yaya,

Barka da war haka. Na gode da faɗan.

Na koma ma'ajiyar, na ƙara kwana goma. Akwai wasu, amma babu mai cikakken rubutu kamar wannan, kuma malamin ya riga ya gani. In na cire zai tambaye ni dalili. Saura sati biyar in kare kundin a gaban malamai.

Ga babin. Na yi iya abin da zan iya: a shafi na sha huɗu na rubuta cewa da alama alƙalin bai lura da ƙorafin wanda ake tuhuma ba, saboda yawan shari'o'in ranar. Sau ashirin na sake jimlar nan.

Ki karanta masa, ko kada ki karanta. Wallahi ban san wanda nake so ba.

Auta

*

Auta,

Lafiya lau muke. Na karanta masa.

Na yi dabara irin tawa, na tsallake lambar shari'ar da sunan kotun, na ce wani maigadi a wani gari. Ina kai wajen sito ya ce, "Kin tsallake lamba." Na ce ai ba ta fito sosai ba. Sai ya faɗe ta da ka, har da shekarar. Auta, daidai da abin da ke takardar.

Na ce, "Baba, in bari haka?" Ya ce, "Wa ya ce ki bari?" Na karanta har ƙarshe, shayinsa ya huce a gabansa. Ya sa na maimaita shafi na sha huɗu sau uku. Daga nan ya ce in duba masa ko an kwashe shanya, kamar hadari ke haɗowa. Babu wani hadari.

Kwana biyu bai yi zancen ba. Yana cin abinci, yana jin labarai a rediyo. Mai gyaran famfo ya dawo, ya tambayi lauyarmu, Baba ya ce tana lafiya, bai ƙara ba. Ni tsoro nake ji. Da ma faɗa ya yi.

Yau da safe ya ce in kawo takarda da biro. Abin da ya faɗa ne na rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba. Yana cikin ambulan ɗin nan.

Yayarki

*

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Babin ya iso, an karanta mini. Aikin ya yi kyau, kada ki cire komai.

Gyara ɗaya ne. A shafi na sha huɗu kin ce da alama alƙalin bai lura ba. Ba ki da hujjar wannan a fayil, kuma ba gaskiya ba ne. Ki goge. Na lura. Sau biyu maigadin ya faɗa, na biyun yana ɗaga mini yatsan. Na ga shari'a ashirin suna jira, na gaji, na ce a raina in ƙarya ce kotun sama za ta gyara. Ba a ba da digiri a kan sassauci.

In malaman sun tambaye ki ko kin san alƙalin, ki ce mahaifinki ne.

A bangon fayil, daga ciki, akan rubuta adireshin wanda ake tuhuma. Ban taɓa neman sa ba. In kin koma ki kwafo mini.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki