Tanko a Kujerar Baya

Zuwa ga ƙanena Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Bunkure sai godiya.

Tsohuwar motar nan mai ƙofa biyu da ka ce ba za ta kai damina ba, ta ci damina biyu. Kullum ita ke kai ni injin shinkafa a Kura. Ban manta maganarka ba.

Makanike ya ce mai turbo ce, in na tsaya kada in kashe sai ta huce. Ni ban san agogo ba, carbi nake ja, istigfari ɗari. Tanko mai taki ya mai da ni abin dariya a kasuwa, wai ina ƙona fetur don a gan ni.

Ranar Talata na tarar da shi a bakin kanal ɗin ban ruwa, babur ɗinsa ya mutu. Buhun albasa na kan kujerar gaba, sai na kwantar da kujerata ya shige baya, gwiwa a haɓa. Muna isa Kura na ciro carbi.

"Malam Audu, fita in fito mana!"

"Sai ta huce, Tanko."

Leburori suka taru suna dariya. Ya ce, "Na tuba, motarka mota ce!" Na ce ban ji ba. Ya ɗaga murya. Sauran istigfarin tare muka yi.

Ka gaida mutanen gida, a sa mu a addu'a. In ka zo, baya za ka zauna.

Yayanka,
Audu