Takalmin Cikin Jinka

Zuwa ga Yayana Edmund,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rosalind da yara. Ya zafin Ostareliya? Mu a nan Devon ruwa ake ba dare ba rana.

Tsohon rumbunmu na bayan gida ya fara yoyo, har sha'ir ya jiƙe. Ka san Baba da taurin kai, ba sai na tuna maka yadda kuka rabu kan maganar sayar da gona ba. Sai da na yi kamar zan yi kuka kafin ya yarda Mista Luscombe ya zo ya yi baibaya. Shi kuwa ya ce tsohuwar jinkar da ke ƙasa ta girmi kakan kakanmu, ba a kware ta, sabuwa ake ɗora mata.

To ga abin mamaki. Jiya yana zare ruɓaɓɓen karan alkama sai ya ciro takalmin yaro, ƙafar hagu, an cusa shi can ciki. Wai mutanen dauri ke yin haka don korar sharri. Amma ina mutanen dauri suka ga takalmi mai tafin roba? Na juya shi, na sake juyawa, kamar na san shi. Baba ya karɓe, ya sa a aljihu. Kai ka tuna wani abu?

Ƙanwarka,
Hester

Yaya Edmund,

Ina gaishe ku da kyau, da fatan tarin Rosalind ya yi sauƙi. Na ga amsarka. Ashe naka ne! Kuma duk shekarun nan ni kake zargi da jefa shi kududdufin agwagi? To ka biya ni haƙƙina.

Na tsare Baba muna shan shayi, da ƙyar ya faɗa. Lokacin da ciwon huhu ya kwantar da kai kana ƙarami, likita ya fara girgiza kai, kakarmu ta ce wa Baba yaron da takalminsa ke cikin jinka ba ya barin gida. Baban nan da ke cewa camfi aikin banza ne, shi ya hau tsani ya cusa takalminka.

Na ce ai ka warke tuntuni, a ajiye shi a ɗaki. Ya ce, "Mayar da shi za a yi. Mai shi bai dawo ba tukuna."

Wallahi sai da na fita waje na yi kukana. Yanzu ƙafafunsa ba sa iya hawa tsani, ya kuma hana kowa mayarwa, har ni, wai sai kai. Luscombe ya ce zai bar gurbin a buɗe zuwa ƙarshen wata. Ruwa na shiga, Yaya. Ka zo.

Ƙanwarka mai kewarka,
Hester