Farar Mota a Ƙofar Masallaci

Madina, Muharram 1426

Zuwa ga matata Ruƙayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Ya ƙafafun, sun daina kumbura? Ki gaida min Abba da Umma. Na ba direban da ke zuwa wurinku Yanbu wannan takarda ne don maganar ba ta waya ba ce. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san iyakar karatuna.

Tun da alhazai suka tafi, aiki ya yi sauƙi a tashar motocinmu ta Bi'ir Ali, motoci na jere sai wanki kawai. Shi ne Walid, ɗan limamin unguwarmu, ya ce in taya shi wani aikin sa kai. Za a yi zaɓen majalisar baladiyya, wato ta gari, kuma duk namijin da ke da bataƙa, katin ɗan ƙasa, sai ya je markaz, cibiyar rajista, an rubuta sunansa kafin a rufe, in ba haka ba, ba shi da ƙuri'a. Kin san ana maganar rushe layinmu don faɗaɗa titi. Walid ya ce in babu sunayenmu, za su zana titin nan kamar a kan fili suke zana shi.

Muna bi gida-gida bayan la'asar. Samari su amsa da Larabci, su ce in sha Allah. Dattawa kuwa ba sa cewa a'a. Sai su zuba maka shayi, su tambayi lafiyar mahaifiyarka, can su ce, "Abdulwahab ya je?" Na gane in baffanki Abdulwahab bai je ba, babu mai zuwa.

Jiya na daure na same shi, duk da nauyinsa da nake ji. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya dubi ƙofar ɗakin Gwaggo Fatsuma. Kin fi ni sanin zancen: shi ya sami takardar ƙasa tun yana saurayi, ita kuwa ƙanwarsa, aikin Hajji ta zo daga Kano bayan rasuwar mijinta, ba ta koma ba, ba ta da ko ƙyallen takarda. A ganinsa, wanda ya kai wa hukuma sunansa ya nuna mata ƙofar gidansa. Na ce masa na tambaya, ba sa tambayar wa ke kwana a gidan mutum. Ya ce, "Yau ba sa tambaya."

Zan koma wurinsa. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Sharfuddeen

Madina, ƙarshen Muharram

Ruƙayya,

Sallama da fatan alheri. Allah Ya sa kina cin abinci, kina samun barci. Kafin ki ji a bakin wani, gara ki ji a nawa. Gwaggo tana raye, tana magana, ki fara riƙe wannan.

Dattawa sun yi ta kukan nisan markaz da ciwon gwiwa, sai na ga hanya. Na roƙi maigidana ƙaramar bas, ya ba ni. Fara ce, gilashinta baƙi, labule a sake. Na ajiye ta daidai ƙofar masallaci ana sallame la'asar, Walid ya tsaya a bakinta da katin aiki a wuya da takardu a hannu. Wallahi ina ganin na yi dabara.

Ban san wa ya fara ihun "Tarhil!" ba, wato ga masu kama baƙi a kore su daga ƙasar. Ruƙayya, kafin in buɗe baki layin ya watse. Takalma a ƙofar masallaci babu masu su. Mata masu sayar da gyaɗa sun bar farantansu. Har waɗanda aka haifi kakanninsu a garin nan, masu bataƙa a aljihu, na ga suna gudu da jallabiya a hannu. Ni da na girma a unguwar, na manta kalar motar da ta kwashe maƙwabtanmu muna yara, aka mayar da su ƙasashen da ba su sani ba.

Gwaggo ta yi abin da ta saba yi a da: ta kama tsani za ta hau rufi ta tsallaka gidan maƙwabta. Ƙafa ta zame mata. Asibiti ba ya yiwuwa, kin san dalili. Na gudu na ɗauko Dakta Ashafa, ɗan Nijeriyan nan da ke zuwa masallacinmu. Ya ce karaya ce a idon sawu, ya ɗaure, bai tambayi komai ba.

Baffa ya tare ni a soro. Bai ɗaga murya ba, ina ma ya ɗaga. Ya ce, "Ya walad, yaron nan, kai muka ba 'yarmu." Ya juya ya shige.

Kullum ina kai magani in zauna a dandamalin ƙofa har magariba. Yana wucewa ta gabana ya amsa sallama, shi ke nan. Walid ya ce mu haƙura, saura kwanaki kaɗan a rufe, kuma babu mai buɗe mana ƙofa. Ni ban haƙura ba, sai dai ban san me zan ce ba.

Kada ki tayar da hankalinki saboda cikin.

Naki,
Sharfuddeen

Madina, farkon Safar

Ruƙayyata,

Aminci ya tabbata gare ki. Na sami saƙonki, na ji daɗi da ba ki yi fushi da ni sosai ba. Allah Ya sauke ki lafiya.

Ranar da za a rufe rajista ina zaune a wurina, sai na ji muryar Gwaggo ta taga: "Kai mai farar mota, shigo." Na same ta kwance, ƙafa a kan matashi, Baffa a gefe. Ta sa na jawo kwallar goronta daga ƙarƙashin gado. Ashe bataƙar Baffa a nan take zama, naɗe a ɗankwali, ba ta ba shi sai zai je asibiti.

Ta miƙa masa ta ce, "Yaya, na gama hawa rufi, ƙafar ta ƙi. In suka rushe layin nan, a ina za ka ɓoye ni? An ce mata ba sa zaɓe, ni kuwa ko suna yi babu ni. Je ka rubuta sunanka, ya ishe mu mu biyu."

Baffa ya karɓa. Sannan ya sa takalmi.

Ya ƙi shiga mota. A ƙafa muka tafi, ya bi ta gaban masallaci a hankali, bataƙar a hannunsa kowa na gani. Ban waiwaya ba, amma ina jin ƙarar sandunan dattawa tana ƙaruwa a bayanmu.

A markaz ma'aikacin ya karɓa, ya dubi bataƙar, ya dubi Baffa, ya sake duba. Ya kira abokin aikinsa. Baffa ya damƙe min wuyan hannu, har yanzu akwai shatin farcensa. Wani daga cikin dattawan da ke bayanmu ya fara ja da baya zuwa ƙofa. Can ma'aikacin ya ce, "Ya ammi, baba, wannan mai baƙin gemun a hoto kai ne ko ɗanka?" Ya yi dariya, ya ce a sabunta hoto in an samu hali, ya rubuta sunan. Bai tambayi komai game da gida ba.

Da muka dawo, Baffa ya ba Gwaggo katin zaɓen. Ta juya shi gaba da baya, ta sa na karanta mata sunan, ta jefa cikin kwalla ta rufe.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu in an buga ƙofa da ƙarfi sai Baffa ya miƙe. Zancen titi ma ba mu san inda zai tsaya ba. Amma jiya ya zuba min shayi da hannunsa. Ya ce ranar zaɓe in nemo mota, Gwaggo ta ce sai ta ga layin masu zaɓe da idonta, ko ta tagar mota ne. Na ce to. Har na kai soro ya kira ni ya ce, "In ka kawo fara, ka sakar min 'ya."

Na riga na yi magana da mai wata shuɗiya.

Ki gaida kowa da kowa. Ina kewarki.

Mijinki,
Sharfuddeen