Rigar da Ba a Gwada Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya ƙafar taki? Ina fatan kina shafa maganin da na aiko, ba kin ajiye shi saman durowa yana gadin ɗaki ba.

Auta ta ce har yanzu kina mamakin aikina, wai likitar da ba ta allura sai surutu. To, ga misali. An turo mana wata mai ɗinki, 'yar yarenmu. Mijinta ya rasu bara, damuwa ta kwantar da ita wata huɗu a asibiti, dangin mijin suka ɗauki ɗanta na fari mai shekara biyar. Yanzu ta warke tana son abinta, sun ce atafau. Kotu ta ce mu duba, mu rubuta ko akwai shaƙuwa tsakaninta da yaron.

Muna da ɗaki mai darduma da kayan wasa, da wani gilashi da muke ganin na ciki, su ba sa ganinmu. Jibi ni da shugabata za mu zauna bayansa da takardar tambayoyi: ta rungume shi? Ta kira sunansa? Ta yabe shi? Shugabar mutuniyar kirki ce, sai dai ba cikinmu ta tashi ba.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Kawu.

Taki,
'Yar farinki

Zuwa ga Inna,

Sallama da fatan kina lafiya, ke da kowa na gida. Ki yi haƙuri da shiruna na wata biyu. Kunya ce ta riƙe min hannu.

Ranar da aka shigo da yaron, matar nan ba ta tashi ba. Ta sunkuyar da kai, ta tura masa motar roba. Minti arba'in ba ta ambaci sunansa ba, sai "kai". Sau ɗaya ta taɓa shi: yana wasa ta bi kafaɗarsa da yatsu, daga wannan gefe zuwa wancan, ta janye hannu. Shugabata tana ta cika layin "a'a". Da muka gama ta juyo ta tambaye ni, tunda mutanena ne, ko akwai abin da ya shige mata duhu.

Inna, na ce babu.

Na sani sarai kara ce irin ta ɗan fari. Takardar ce ba ta sani ba, don waɗanda suka tsara ta ba su taɓa zama a tsakar gida irin namu ba. Amma a lokacin ba yaron nake gani ba, ni nake gani, ranar da na zo na ɗaya na rugo da sakamako, kika ce "ke, ajiye can" kika ci gaba da tankaɗe. Shekara ashirin ina riƙe da wannan, sai na huce a kan baiwar Allahn da ba ta ci min ba, ba ta sha min ba. Na sa hannu.

Kotu ta bar wa dangin uba yaron, sun tafi da shi wani gari mai nisa. Na je na faɗa wa shugabata gaskiya, ta yi kuka, mun rubuta gyara. An ce sai baɗi za a sake zama, in an sake.

Shekaranjiya matar ta zo ofis da leda. Ba ta zage ni ba, wallahi da zagin ya fi min sauƙi. Riga ce shuɗiya ta ɗinka, ta roƙe ni in san yadda za ta kai gare shi. Na ce ina ta samu awonsa? Ta ce ai ta auna shi ranar nan, a ɗakin wasa. Ta ƙara yatsa biyu, saboda kafin rigar ta isa ya girma.

Tana fita na kulle ƙofa na zauna a ƙasa. Na tuna duk kayan makarantata ke kika ɗinka, ba ki taɓa kirana gwaji ba, kuma ko ɗaya bai taɓa yi min kaɗan ba.

Zuciyata ta karye, Inna. Na raba uwa da ɗanta a kan laifin da ke ma ba ki yi ba. Ki yafe min. Rigar tana cikin jakata, Asabar zan hau mota in kai masa da hannuna.

Ki gaida Auta da Kawu. Allah Ya ƙara miki lafiya.

Taki har kullum,
Wadda kike kira "ke"